Tsohuwar Kwamfuta: A Kashe Mata Kuɗi Ko A Nemi Wata?

A gidaje da yawa na Zango, tun daga Nima da Mamobi a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi, ba a rasa wata tsohuwar kwamfuta da maigida ko wani saurayi ya saya don sha'awa, yana ajiye hotunan suna da na biki a ciki, yana sauraren karatu, wani lokaci ma yara su yi wasa da ita. Galibinsu an saye su ne bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. To, yanzu ga shi ta tsufa, in an kunna ta sai mutum ya sha shayi ya dawo ba ta gama farkawa ba. Shin a kai ta wurin mai gyara a ƙara mata ƙarfi, ko kuwa asarar kuɗi ce kawai?

Mai karatu, kafin ka fitar da ko sidi ɗaya, fara duba shekarunta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba, 2025, wato ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin shekara guda zuwa Oktoban 2026. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana son firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Gane wannan ba wuya. In ka ga an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan karan ita ce zubin, na takwas ke nan. In kuwa i5-3320M ce, irin wadda ke cikin ThinkPad T430 ta shekarar 2012, zubi na uku ce, kuma ba wani abin da za ka saya ka ɗaura mata da zai sa ta cika sharaɗin.

Wannan ba ya nufin a jefar da ita. Abin da ke sa yawancin tsofaffin kwamfutoci nawa ba firosesa ba ce, faifan ajiya ne. Tsohon faifai yana da faranti a ciki mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura da ke kai-da-kawo tana neman abin da aka ajiye, kamar yadda garmaho yake yi. Sabon nau'in da ake kira SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Yakan karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, shi kuwa tsohon da ƙyar yake wuce 100, kuma bambancin ya fi haka nesa ba kusa ba wajen ɗauko ƙananan abubuwa barkatai, wanda shi ne aikin da kwamfuta ta fi yi lokacin tashi. Bugu da ƙari, SSD ya fi jure girgiza, abin da duk mai ɗaukar kwamfuta a jaka cikin tiro-tiro zai yaba. A ganina wannan ne gyara guda da kusan kullum yake biyan kuɗinsa, domin ko kwamfutar ta mutu gobe, sai ka zare shi ka sa a wata.

Na biyu shi ne RAM, wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai. Daga gigabait 4 zuwa 8 ana ganin canji sosai. Sai dai a kula, DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu siraran kwamfutocin ma an like musu nasu da dalma, ba ya ciruwa. Kuma farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe shi, don haka a taya a wuri biyu ko uku kafin a biya.

Akwai kuma gyaran da kusan kyauta ne, amma mutane ba sa kula shi. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, firosesa ta yi zafi, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A buɗe a kakkaɓe, a sake shafa man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta. In kuma agogonta yana ɓata duk lokacin da aka kashe, ɗan batir ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare.

Inda nake cewa a ja birki shi ne canjin firosesa ko babban allon da komai ke kansa. Wanda ya fara wannan zai tarar sabon allo yana son sabon RAM, wataƙila har da sabon gidan wuta, kafin ya ankara ya kashe abin da zai saya masa wata ta hannu mai zubi na takwas a Tip Toe Lane da ke Circle. Haka nan kwamfutar cinya da batirinta ya mutu, gilashinta ya tsage, maɓallanta suka zube, gyaranta ɗinkin tsumma ne.

Wadda ba za ta ɗauki Windows 11 ba fa? Ana iya sa mata Linux Mint, manhaja ce ta kyauta, ba ta da nauyi, kuma tana samun gyare-gyaren tsaro. Ta isa rubuta wasiƙa da kallon bidiyo da koya wa yara buga rubutu. Amma wanda ya nace sai Windows 10, to ya daina shiga asusun bankinsa da ita.

Duk wanda zai kai tasa wurin mai gyara, ya fara kwashe hotuna da takardunsa a wani wuri daban, sannan in an gama ya ce a ba shi tsohon faifansa ya tafi da shi gida, domin duk sirrinsa yana nan a ciki.