Kafin a Ce "Sai Dai Fomat"

Duk mai kwamfuta a ƙasar Kontagora zai gane wannan yanayi. Malamin makaranta a Kaboji yana zaune da daddare yana shigar da makin ɗalibai a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, 'yar gwanjo wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai waya na jone. Man janareta ya ƙare, allo ya yi baƙi. Da safe ya kunna, maimakon hoton da ya saba gani sai shuɗin allo da rubutun Turanci. Ya nannaɗe ta a jaka, ya biya kuɗin mota zuwa Kontagora, mai gyara ya ɗan leƙa ya ce, "Malam, sai dai fomat." A ranar makin ɗalibai da hotunan suna da takardun neman aiki suka tafi, ba don komai ba sai don fayil ɗaya ko biyu da suka lalace.

Sau da yawa ba a bukatar wannan aika-aikar.

Windows ba abu guda ba ne. Tarin dubban ƙananan fayiloli ne, kowanne da aikinsa: wannan na kula da sauti, wancan da firinta, wani shi ke tada na'urar tun farko. Da yawansu suna zaune a wata ma'ajiya mai suna System32, sunayensu na ƙarewa da .dll ko .sys. Idan ɗaya ya ɓace ko ya gurɓace, duk abin da ya dogara da shi sai ya tsaya, kamar babur sabo fil da aka zare wa fulogi. Waɗanda suka yi zamani da Windows XP za su tuna saƙon "NTLDR is missing", masu Windows 7 kuma "BOOTMGR is missing". Duka biyun cewa suke fayil ɗin da ke tada na'ura ba ya nan, ko ba a iya kaiwa gare shi. Takardun mai ita galibi suna nan daram.

A wannan yanki babban mai laifi shi ne ɗaukewar wuta. Abin dariya abin takaici, Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mai kwamfuta a ƙauyukanta da janareta ko sola yake kwana. Idan wuta ta yanke daidai lokacin da na'ura ke rubuta wani abu a faifanta, rabin rubutun ne zai zauna. Mafi muni shi ne lokacin da Windows ke sabunta kanta, tana musanya tsofaffin fayiloli da sababbi, allon na roƙon kada a kashe. Mai gaggawa da ya danne maɓalli a wannan lokaci, shi da NEPA laifinsu ɗaya. Sai kuma filash da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa na cajin waya tana kwaso ƙwayoyin cuta, da zafi da ƙurar hunturu da ke gajiyar da tsohon faifai.

Kada wani ya ɗauka matsalar talaka ce kawai. Ranar 19 ga Yulin 2024, fayil guda mai kuskure da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai, bankuna da asibitoci suka rikice. Maganin kuwa shiga aka yi aka goge wannan fayil ɗin, na'urori suka tashi.

Idan kwamfuta tana tashi amma tana daskarewa ko tana ƙorafin fayil, Windows na da likitanta a ciki. A nemo Command Prompt, a buɗe shi da ikon mai gida, wato Run as administrator, a rubuta sfc /scannow a danna Enter. Wannan manhaja, wadda ke nan tun Windows 98, tana bin fayilolin tsarin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta samu ya canza ta maye gurbinsa da kwafi mai kyau daga ajiyarta. Ba ta taɓa takardun mutum, ba ta kuma cin data. Sharaɗin dai a tabbatar akwai isasshen mai ko caji kafin a fara, don kada magani ya zama ciwo.

Wani lokaci za ta ce ta ga ɓarna amma ta kasa gyarawa, alamar ajiyar ma ta taɓu ke nan. A Windows 8 zuwa sama, sai a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth. Wannan yana ɗauko lafiyayyun fayiloli ta intanet, don haka yana son data da hanyar sadarwa mai ƙarfi, abin da ba kullum ake samu a bayan gari ba. Idan ya gama a maimaita sfc. Shi kuwa chkdsk /f lafiyar faifan kansa yake dubawa. Amma idan ana jin faifai na ƙas-ƙas a ciki, a bar duk wani gwaji, a kwashe takardu tukuna, domin faifan na bankwana ne.

Kwamfutar da ta ƙi tashi ɗungurungum ma ba ta mutu ba. Windows 10 da 11 sukan shiga ɗakin gyara da kansu bayan sun kasa tashi sau biyu ko uku a jere, a nan ake samun Startup Repair da System Restore. In hakan ya faskara, filash mai girman giga 8 da aka ɗora wa Windows zai kai mutum wannan ɗakin.

Akwai tarko biyu. Na farko shafukan da ke raba fayilolin .dll kyauta. Wanda aka ce masa MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ya ɓace, abin da yake bukata shi ne Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft, ba fayil daga hannun wanda bai sani ba. Na biyu shawarar 'yan ba-ni-na-iya cewa a goge wani fayil wai cuta ne. A 2002 wani saƙon ƙarya ya zaga duniya yana cewa jdbgmgr.exe ƙwayar cuta ce, mutane da dama suka goge halastaccen fayil da hannunsu.

Filash ɗin da takardunsa suka koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya kuwa, ɓoye su aka yi ba gogewa ba. Bayan an wanke shi da manhajar kashe cuta, umarnin attrib -h -r -s /s /d a kan harafin filash ɗin yakan fito da su.

Masu gyara ba mugaye ba ne. Fomat aiki ne na awa ɗaya mai tabbas, bincike kuwa na iya cin yini, ga layi na jira. Mai kaya ne ya san darajar abin da ke ciki, shi ya kamata ya yi magana. Duk wanda zai kai kwamfuta Kontagora, ya tafi da filash ɗinsa, ya ce a kwafe masa takardunsa a gabansa, sannan ya tambaya ko an gwada sfc kafin a taɓa fomat.