Kumburin Jijiyoyin Ƙafa: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

A ƙasar Shanga da Ngaski da Yauri akan ga mutane da jijiyoyin ƙafafunsu sun fito ruɗu-ruɗu, sun nannaɗe kamar igiya. Waɗansu suna ce masa sammu, waɗansu kuwa tsutsa. Ko ɗaya ba haka ba ne. An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu su san asalin ciwon, su kuma hana talakawa yi masa maganin da ya fi shi lahani.

Yadda ciwon ke samuwa

Tun cikin 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa jini zagaya jiki yake yi, ya koma zuciya. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau sama kafin ya koma. Saboda haka a cikin jijiyoyin akwai waɗansu 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai, in jini ya wuce su rufe. Naman sharaɓa shi ke tura jinin duk sa'ad da mutum ya taka. In ƙofofin nan sun yi rauni, sai jini ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, jijiya ta kumbura.

Abubuwan da ke jawo haka su ne gado, da tsufa, da ƙiba, da yawan ɗaukar ciki, da doguwar tsayuwa wuri guda. Masuncin da ke wuni tsaye cikin jirgi a tabkin Kainji, da mai sayar da kifi a kasuwar Yelwa, da malamin da ke wuni zaune bisa kujera ba ya motsawa, duk suna iya gamuwa da shi.

Alamunsa

Ƙafa takan yi nauyi da tsami, tun ba da maraice ba, idon sawu ya kumbura, fata ta yi ƙaiƙayi ta ƙara duhu. Akwai kuma ƙananan jijiyoyi sirara masu kama da saƙar gizo-gizo, waɗannan galibi ba su da lahani. Kada a ɗauki ciwon nan kurkunu ne, gama tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an kau da kurkunu daga Nijeriya. Ba kuwa tundurmi ba ne, wanda sauro ke yaɗawa.

Abin da za a yi a gida

Mai ciwon ya riƙa tafiya da ƙafa, kada ya daɗe tsaye ko zaune. In ya kwanta ya ɗora ƙafafunsa bisa matashi, su ɗara ƙirjinsa bisa. Mai ƙiba ya rage. Akwai safa mai matse ƙafa da ke taimakawa ƙwarai, amma sai malamin asibiti ya duba ya yarda, musamman ga mai ciwon sukari.

Lalle kada a yi wa jijiyar tsaga, kada kuma a kafa mata ƙaho. Jinin da ke ciki yana da yawa, in an yanka ta yakan zuba har mutum ya halaka, in kuwa ya tsira wurin yakan zama gyambo mai wuyar warkewa.

In jijiya ta fashe, a kwantar da mutumin, a ɗaga ƙafar sama, a danne bakin raunin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, sa'an nan a kai shi asibiti.

Maganin asibiti

Likita yakan duba jijiyoyin da na'urar hoto, kana ya toshe wadda ta lalace da allura ko da zafi, ko ya cire ta. Jinin sai ya bi sauran jijiyoyi masu lafiya. A fara zuwa Babban Asibitin Yauri, in aikin ya fi ƙarfin nan a tura mutum Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Abin da ake roƙon hakimai

A tara dagatai da masu unguwanni da sarakunan aska da na ruwa, a karanta musu wannan bayani. A gargaɗe su cewa wanda ƙafarsa guda ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko numfashinsa ya sarƙe da ciwon ƙirji, to, jini ne mai yiwuwa ya daskare a ciki. Irin wannan kada a bari ya kwana, a kai shi asibiti nan take.