Kada Mu Ajiye Magani Don Zafi Ya Lafa

Yau za mu yi magana a kan amosanin gaɓɓai, wato irin wanda yakan kumbura yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, mutum ya tashi da safe gaɓoɓinsa a sage har awa guda. Garkuwar jiki ce takan juyo ta yaƙi gaɓoɓin mai ita. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku.

Magungunansa iri biyu ne. Akwai masu kashe zafi, kamar ibufurofen da dikilofenak. Suna aiki nan da nan, amma ba su hana ciwon cin gaɓa, yawan shansu kuma yakan jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Akwai kuma masu tsai da ciwon kansa, kamar metotireksat. Shi wannan sau ɗaya a mako ake shansa. Shansa kullum yana iya kisa. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji amfaninsa.

A nan ne mukan yi tuntuɓe. Wani ya sha mako uku, bai ga canji ba, sai ya koma wa mai kemis. Wata ta ji sauƙi, ta ce ta warke. A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, wajen rabin masu doguwar jinya ne kaɗai suke shan magani yadda aka umarta. To, da an bar maganin, ciwon yakan dawo, gaɓar da ta lalace kuwa ba ta komawa yadda take.

Me za mu yi? Mu tsai da rana ɗaya, ko Lahadi bayan sujada, wani a gida yana tuna mana. Mu sha folik asid yadda likita ya ce, mu riƙa zuwa gwajin jini saboda hanta. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan metotireksat, sai ta gaya wa likita tun da wuri. Wanda ya daɗe a kan firednisolon kada ya yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. In tashin zuciya ne ko rashin kuɗi, mu faɗa a asibiti, kada mu yi shiru.

In an yi mana addu'a mun ji sauƙi, mu yi godiya, mu ci gaba da sha har likita ya duba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu haƙuri, amin.