Mudu ɗaya, masu awo da yawa

Matashin Gwarzo ko Kabo da ke koyon yaren kwamfuta na Python yakan ci karo da wani abin mamaki: na'urarsa tana da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas, amma idan ya raba wa shirinsa lissafi, ɗaya ce tak ke aiki a lokaci guda. Mai sa hakan wani makulli ne da ake kira GIL, wanda ke tsare tafintan da ke karanta umarnin shirin yana aiwatarwa.

Tun zamanin Python 1.5 ana iya tayar da tafinta fiye da ɗaya a cikin shiri guda, sai dai kafin Python 3.12 duk makulli ɗaya suke layi a kai. Da Eric Snow, ɗaya daga cikin masu haɓaka Python, ya kawo shawarar kowane tafinta ya samu nasa makullin, sai wata ƙaya ta fito.

Nau'o'in asali, wato int na lamba, str na rubutu da list na jeri, kwafi ɗaya ne kacal a ma'adanar shirin. Kamar masu awo ne a kasuwar Getso da ke aiki da mudu ɗaya: ba rigima muddin awo kawai ake yi. To amma Python tana ƙirga masu riƙe da kowane abu, ta ƙara ɗaya in an ɗauka, ta rage in an saki, ta share abin idan ƙirgen ya kai sifili. Tafinta biyu su taɓa ƙirgen nan a lokaci guda, lissafi ya rikice, ana iya share abin da wani ke amfani da shi.

Me zai hana a ba kowa nasa kwafin? Ɗimbin manhajojin da aka rubuta da yaren C sun riga sun san adireshin wannan kwafi ɗaya, kai tsaye suke zuwa gare shi. Sauya shi zai karya su, kuma a ganina masu Python sun yi hikima da suka ƙi.

Abin da aka yi a Python 3.12 ta 2023 shi ne mayar da nau'o'in marasa mutuwa: ƙirgensu ba ya motsi, ba a share su. Snow da Eddie Elizondo ne suka tsara wannan dabara. Sassan da ke canzawa kuwa, irin su jerin nau'o'in da suka yi gado daga int, aka kwashe su zuwa ajiyar kowane tafinta, ta haka kowane tafinta ya iya samun nasa makullin. Sai a Python 3.14 ta 2025 ne mai rubuta shiri ya samu damar tayar da tafintoci a hukumance daga cikin Python kanta, ba sai ya bi ta C ba.