HOTON DA KE TONA ASIRIN CIWON DAJI

Zuwa ga Hakimai da malaman ofisoshinsu a ƙasashen Funtuwa da Malumfashi.

Kowane malamin hakimi ya sani umurnin da ke rufe cikin kundi ba ya aikata kome sai an buɗe shi an karanta wa jama'a. To, haka jikin mutum yake. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai kundin gado mai umurni wajen 20,000, amma kaɗan take karantawa, gwargwadon aikinta. Ciwon daji, watau sankara, yakan tashi ne sa'ad da ƙwaya ta ruɗe, ta dinga maimaita umurnin hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Ƙari biyu na iya yin kama a ido, alhali umurnin da suke bi dabam ne, maganinsu kuma dabam.

Hoton ƙirji da aka saba yi inuwa kurum yake nunawa. Sabuwar dabara ita ce a bi sawu. Asalinta kuwa daga shuka ne, abin da zai ba manoma sha'awa. A cikin 1923 wani masani mutumin Hangare, George de Hevesy, ya shayar da wake ruwan darma mai fid da wani haske wanda ido ba ya gani, sa'an nan ya bi da na'ura ya ga inda darmar ta shiga, daga saiwa har ganye.

Yanzu likitoci sukan ɗaura irin wannan haske a jikin wani sinadari, su yi wa majiyyaci allura. Sinadarin ba ya maƙalewa sai inda ya tarar da abin da umurnin nan ya haifar, kamar ɗan makulli da kwaɗonsa. Wanda aka fi aiki da shi wani irin sukari ne, domin sankara mai haɗama ce, an kuwa fara gwada shi ga mutum a 1976. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da waɗansu biyu: ɗaya na sankarar mafitsarar maza, ɗaya mai nuna ko sankarar nono tana cin abinci daga sinadarin mata. In tana ci, akwai ƙwayar magani mai toshe mata hanya. In ba ta ci, shan ƙwayar hasarar kuɗi ce da lokaci. Tsokar da ake yanka a auna labarin wuri ɗaya take bayarwa, amma hoton nan yakan duba jiki duka.

Sai dai fa kayan ba sa ajiyuwa kamar taki a rumbu. Ƙarfin sukarin nan yakan ragu da rabi cikin kowane minti 110. Saboda haka ake haɗa shi ranar da za a yi aiki, kusa da na'ura, kuma wanda ya makara ya yi hasarar nasa. Wannan ne ya sa aikin ke da tsada, bai kuma yaɗu ba. An buɗe sashen irin wannan hoto a asibitin koyarwa na Ibadan a 2006. Mutanenmu kuwa sukan fara ne daga asibitin garinsu, a tura su asibitin koyarwa na Shika, a kan hanyar Zariya, ko na Katsina, inda aka buɗe cibiyar sankara a 2025. Likitan can shi zai faɗi ko ana bukatar hoton.

Ana roƙon Hakimai su sa dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a cewa hasken ɗan kaɗan ne, yakan ƙare da kansa, wani ya fita da fitsari. Mace mai ciki ko mai goyo lalle ta gaya wa likita tukuna. Wanda ya ji ƙari a nono ko wuya kada ya jira sai an gama cirar auduga, kada kuma a tsaga shi da aska. Malamai kuwa su karanta wa wanda aka tura takardarsa, su nanata masa rana da sa'a, da cewa in hoton sukari ne ba a cin abinci kamar sa'a 6 kafin allura.