Me ya sa murya ke yankewa a kiran intanet?

A Kwaya da sauran garuruwan Magariya da Dungas, gidaje da dama na da ɗa ko miji da ya tafi cin rani Kano, Aljeriya ko Libiya, kuma ta WhatsApp ake gaisawa. Sai dai sau tari murya kan riƙa yankewa, mega kuma na ƙonewa. Raunin rezo na da nasa laifin, amma akwai wani abin da ba a cika sani ba, wato kodek.

Kodek manhaja ce da ke mai da murya lambobi, ta matse su, a tura su ƙunshi-ƙunshi, galibi 50 a kowace daƙiƙa, wayar da ake kira kuma ta kwance su. Kowane kodek da irin matsinsa.

G.711, wanda hukumar sadarwa ta duniya UIT ta amince da shi a 1972, yana fitar da murya tangaram, amma yana cin kilobit 64 a daƙiƙa. G.729 na 1996 kilobit 8 kawai yake ci. Sai dai kowane ƙunshi na ɗauke da adireshinsa, abin da ke ƙara kilobit 16, don haka na farko kan kai 80, na biyu 24. A minti ɗaya, daga ɓangare guda, kilobait 600 ke nan da 180.

Opus, wanda ya fito a 2012 kuma kyauta ne, yana sauya nauyinsa daga kilobit 6 zuwa 510 gwargwadon ƙarfin hanya. Da shi WhatsApp ke naɗar saƙon murya.

Saboda haka ofishin magajin gari, asibiti ko ƙungiyar da za ta girka wayar intanet, ta fara auna layinta. In mai ƙarfi ne, G.711 ya wadatar. In rezon salula ne mai hawa da sauka, Opus ko G.729 sun fi dacewa.

Mai waya kuwa ba shi ke zaɓen kodek ba, amma yana iya kashe bidiyo, ya kunna tsarin rage cin mega a saitin WhatsApp. In rezo ya yi ƙasa sosai, saƙon murya ya fi kira, domin shi yana iya jira har hanya ta buɗe, ya isa cikakke.