Ƙishirwa a Tsakiyar Teku

Shirinmu na musamman na yau teku ya nufa, wajen 'yan ninkayar dogon zango, waɗanda kan shafe kusan awa biyu suna iyo a teku ko tafki ko kogi, ba bangon dafawa, ba ƙasar takawa. Tseren kilomita 10 ne ya fi suna, kuma tun gasar Olamfik ta Beijing a 2008 aka sa shi cikin jerin wasanni. Ɗan Afirka ma ya taɓa lashe zinarensa, wato Oussama Mellouli na Tunisiya, a Landan a 2012.

To, mutumin da ke cikin ruwa tsundum, ta ina ƙishirwa za ta same shi, har zafi ya kayar da shi?

Ranar 23 ga Oktoban 2010 aka yi irin wannan tsere a Fujaira, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Cikin waɗanda suka faɗa ruwa har da Fran Crippen, Ba'amurke ɗan shekara 26, wanda ya ci tagulla a gasar duniya ta Rum a 2009. Rana ta take, ruwan kuma ya yi ɗumi ƙwarai. Aka kammala tsere, kowa ya fito, ban da shi. Abokan karawarsa ne suka fara cigiyarsa, suka koma ruwa nema. Sai bayan kimanin awa biyu masu nutso suka gano gawarsa, ba nisa da inda ake ƙare tseren. A ranar an kai wasu 'yan wasan asibiti saboda zafi ya galabaitar da su.

Ga yadda abin yake a jiki. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar an shiga aikin ƙarfi, tsoka kan ƙara masa wuta. A tudu, gumi ne ke ceto: ya tsattsafo, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka randar ƙasa ke sanyaya ruwa, jikinta na tsattsafo, iska na kaɗa ta. Amma ka ɗauki randar nan ka nutsa ta a kududdufi mai ɗumi, ai sanyi ya ƙare. Ɗan ninkaya yana zufa sosai, sai dai zufar ba ta bushewa, ruwa ke wanke ta a banza. Ya yi asarar ruwan jiki da gishiri, bai samu sanyin komai ba. Dogaronsa ɗaya shi ne ruwan da yake ciki ya fi jikinsa sanyi nesa ba kusa ba. Idan ruwan ya doshi digiri 30, wannan tazara ta tsuke, zafi sai ya yi ta taruwa a ciki.

Akwai kuma wata matsalar. Nauyin ruwa kan matse jini daga ƙafafu da hannaye ya tura shi ƙirji, jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ƙoda ta shiga sakin fitsari. Ga baki kullum a jiƙe, don haka ƙishirwa ba ta yin sallama da wuri. Idan a teku ne kuma, duk kurɓin da ya kuɓuce ya wuce maƙogwaro gishiri ne, ƙari a kan ƙari.

Shi ya sa shan ruwa ya zama fanni guda a wannan wasa. A gefen hanyar tseren akwai wani dandamali da aka kafa a kan ruwa, masu horarwa sun yi cincirindo a kai, kowa riƙe da doguwar sanda wadda doka ta hana ta wuce mita 5. A bakin sandar akwai kofi ko 'yar gora, da ƙaramar tutar ƙasa don ɗan wasa ya gane tasa. Yana isowa sai ya ɗaga kai ya hango tuta, ya fizgi kofin, ya juya rigingine, ya kwankwaɗe yana ci gaba da bugun ƙafa, ya yar da kofin, ya kife ya wuce. Duka-duka 'yan daƙiƙoƙi. Ba shi da izinin riƙe dandamalin, ga gwiwar hannun wani a haƙarƙarinsa, ga ƙafar wani a fuskarsa. Wanda ya kuskure kofinsa sai wani zagayen, kuma sau da yawa a nan ake faɗuwa tsere tun ba a je ƙarshe ba.

Abin da ke cikin kofin ba zallan ruwa ba ne, akan haɗa shi da sukari da gishiri daidai gwargwado. Dalili kuwa, wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla alhali gishirin jikinsa na zuba, jininsa kan tsinke, kai ya yi ciwo, hankali ya gushe, abin har kisa yana yi. Masu horarwa kan auna ɗan wasa kafin atisaye da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ke nan ta fita. Da wannan lissafi ake tsara wa kowa abin da zai sha.

Bayan rasuwar Crippen, hukumar ninkaya ta duniya, wadda a da ake kira FINA, yanzu kuma World Aquatics, ta kafa iyaka: ruwan da ya haura digiri 31 ba a tsere a cikinsa, kamar yadda ba a yi a wanda ya gaza 16. Awa biyu kafin a fara ake aunawa, a zurfin santimita 40. Hukumar Amurka ba ta gamsu ba, ta tsayar da tata iyakar ƙasa da digiri 30 a dogayen tsere.

Ni dai ina bayan Amurkawan a nan. Kofi yana mayar da ruwan da ya fita, amma ba ya fitar da zafin da ya taru, kuma ciki yana da iyakar abin da zai karɓa ana tsaka da iyo. Masu shirya gasa ma sun san haka. A Olamfik ta Tokyo a 2021, ƙarfe shida da rabi na safe aka fara tseren a Odaiba don a riga rana, duk da haka ruwan ya kai wajen digiri 29. A Singafo kuwa, a gasar duniya ta Yulin 2025, gurɓatar ruwa ta sa aka yi ta ɗage tseren kilomita 10, daga ƙarshe aka yi shi da rana, a ruwan da ya ɗara digiri 30. Bisa doka ba a yi laifi ba, tunda ma'auni bai kai 31 ba. Florian Wellbrock na Jamus ya yi na ɗaya a maza, Moesha Johnson ta Ostareliya a mata, yayin da wasu suka haƙura aka tsamo su tun tseren bai ƙare ba.

A nan za mu dakata.